Tambayar Mai Kitso

Waƙa ce Mai Kitso ta kira gidan rediyo ta nema, ba siyasa ba. Da hantsi ne, shagonta cike, kan wata ma'aikaciyar banki na tsakanin gwiwoyinta, kibiyar tsaga kitso a baki, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Da safe sun ɗan yi cacar baki da maigidanta a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Shi kuwa direban bas ne, rediyo ba ya mutuwa a motarsa, shi ya sa ta ga gara ta aika masa da waƙa ya huce. Abin da ba ta sani ba, saboda zaɓen shugaban ƙasa ya matso an ɗage shirin gaishe-gaishe, an sa na siyasa a gurbinsa.

"Kina kan layi, baiwar Allah," in ji mai gabatarwa. "Wa za ki zaɓa, kuma me ya sa?"

Mai Kitso ta zare kibiya daga baki. "Ni? Ai ni waƙa zan nema wa Baban yara."

"Za mu zo kan waƙa. Cikin 'yan takarar nan wa ya kwanta miki a rai?"

"Tsakani da Allah, ban ma san su nawa ne ba."

Sai dariya ta ƙwace mata. Dariyar Mai Kitso kuwa sananniya ce a layinsu. Kamar shaƙuwa take farawa, ta haura ta koma ƙarar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba, kuma in ta kama ta sai dai a jira ta gaji don kanta. Matan shagon suka ɗauka, mai gabatarwa ma ta kasa riƙe tata, aka rufe layin da kiɗa.

Ba a gama kan ma'aikaciyar bankin ba waya ta yi ƙara. Wani ne daga gidan rediyon. Ya ce ɓangarensu na talabijin zai haɗa manyan 'yan takara uku a muhawara kai tsaye, kuma suna neman mutanen da ba su tsai da wanda za su zaɓa ba, kowa ya zo da tambaya ɗaya. Ya ce tun da suka fara nema ba su samu wanda ya kai ta rashin tsai da shawara ba.

"Yabo ne wannan ko zagi?" ta tambaye shi.

"Gayyata ce, Hajiya."

Ta amsa kafin ta yi tunani. Da ta ajiye wayar ta miƙe ta yi juyi biyu a tsakiyar shago, mashaci a hannu, ma'aikaciyar banki na roƙonta ta dawo ta ƙarasa mata rabin kai.

Da yamma Direba ya shigo gida yana kaɗa makulli. "Mota cike da fasinja, sai ga muryar matata tana shaida wa duniya ba ta san komai ba. Wani ya ce, direba, ka ji wata? Na ce na ji, Allah ya ba mijinta haƙuri."

"Mijin nata zai gan ta a talabijin."

Da ta ba shi labari ya zauna a hannun kujera, baki har kunne. Shi tun yana saurayi jam'iyya ɗaya yake bi, hoton ɗan takararta ma na manne a gilashin bayan motarsa, tsohon ministan ayyuka mai fararen haƙora. Ita kuwa duk zaɓen da ta taɓa yi, a hanyar rumfa take tambayarsa inda za ta dangwala, ya faɗa mata, ta dangwala, ta dawo ta ɗora girki.

"An gama," in ji shi. "Ki miƙe ki ce, ranka ya daɗe, yaya aka yi ka iya aiki haka?"

"Wannan tambaya ce ko kirari?"

"Tambaya ce mai ladabi."

"Baban yara, duk ƙasar nan za ta kalle ni. Ba zan tashi in yi roƙo ba."

Washegari ta tashi da tambayarta a baki: kwatar da ke gaban shagonta, wadda in an yi ruwa sai an ɗora katako kafin a shigo. A kan Malama ta fara gwada tambayar, wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ke zuwa tsifa da kitso a kai a kai, ta kuma ɗauki Mai Kitso tamkar ƙanwa.

Malama ta saurara, kai a sunkuye. "Ƙanwata, kwata aikin ƙaramar hukuma ne. In kika tambayi mai neman shugabancin ƙasa zancen kwata, kamar kin kai wa likitan ido ciwon ƙafa ne. Zai ce miki sannu, ki dawo da ƙafarki."

"To shi shugaban ƙasa me yake yi?"

"Ja kujera. A'a, ci gaba da kitson, kunne ba hannu yake buƙata ba."

Kafin a gama kan Malama, Mai Kitso ta san abin da ke wuyan shugaban ƙasa, da na 'yan majalisa, da na shugaban ƙaramar hukuma, wanda sai yau ta gano shi ya kamata ta riƙa harara duk shekarun nan. Ta ji kanta wasai kamar an buɗe taga. Malama ta ce kowane ɗan takara ya fitar da takardar manufofinsa, ana samu a waya, amma dogaye ne.

"Ni ina na ga hannun riƙe waya?" in ji Mai Kitso. Sai ta dubi ƙeyar Malama, ta dubi wayar da ke kan cinyarta, ta yi tsalle a kan kujera. "Ai duk wadda ake yi wa kitso dama ƙasa take kallo."

Daga ranar aka kafa doka a shagon. Duk wadda ta zauna a ƙasa, ita ce mai karatu. Wadda ta ƙi, a tsaga mata kitso ƙanana, ta yini. Aka yi ta karanta manufofi cikin ƙamshin man kitso da ƙugin na'urar busar da gashi, kuma da yake sunayen 'yan takarar da muƙamansu sun cika baki, matan suka raɗa musu nasu. Tsohon minista ya zama Mai Murmushi. Malamin jami'a masanin tattalin arziki, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya zama Tabarau. Macen cikinsu, wadda ta taɓa shugabantar babban asibiti, ta zama Likita.

Matsalar ita ce, duk wanda aka karanta ƙarshe shi ne gwanin Mai Kitso. Da safe ta ce ai Likita ta gama magana, da azahar Tabarau ya tafi da ita, kafin la'asar ta koma wajen Mai Murmushi. Kuma in ta ji abin mamaki hannunta ke fara amsawa.

"Anti, ni ba ni na rubuta ba," in ji wata ɗaliba, tana dafe gefen kai. "Sassauta mini."

"Yi haƙuri, 'yata. Sake karanto wurin wutar lantarkin nan."

Ana cikin haka wani bidiyo ya faɗo wayarta. Tabarau ne tsaye a gaban makirufo, yana cewa in ya hau zai ɗora haraji a kan kowane kai da aka kitsa. Mai Kitso ta ga ja. Kafin shayinta ya huce ta tura wa duk mai kitso da mai aski da ke cikin wayarta, ta bi shagunan layin da ƙafa tana nunawa, ta dawo ta sanar cewa ta samu tambaya, kuma Tabarau zai gane kurensa.

Ƙanenta mai gyaran waya, wanda rumfarsa ke bakin titi, shi ya leƙo da rana ya ce ta ba shi ya gani. Ya kalla sau ɗaya, ya mayar baya, ya rage gudun hoton.

"Yaya, kalli bakinsa. Ya rufe baki, magana na ci gaba."

"Wataƙila ta hanci yake yi."

"Kuma wa ya fara sakin bidiyon? Wane gidan jarida ne ya ɗauka? Ba ko ɗaya." Ya lalubo ainihin jawabin ya kunna mata. Ashe kan farashin takin zamani mutumin yake magana, riga ɗaya, makirufo ɗaya, murya kawai aka ɗora masa.

Mai Kitso ta yi tsuru-tsuru. "Na tura wa mutum ya fi a ƙirga."

"Sai ki bi su da na gaskiyar."

Haka ta sake bin layin shago-shago, wannan karon a hankali, tana cewa a yafe mata, ta yi wa bawan Allah ƙazafi. Mai askin kusurwa ya ce ai shi har ya ƙara kuɗin aski saboda harajin, ta ce to ya sauke. A hanyar dawowa abin ya dawo mata sabo, yadda ta zage tana zagin mutum a kan maganar da bai yi ba, ta jingina da sandar fitila ta yi dariya har hawaye. Tun daga nan duk abin da aka turo mata sai ta tambaya, wa ya faɗa, a ina, wa kuma ya ji.

Wannan sabuwar ɗabi'a a kan Direba ta fara sauka. Suna cin abinci ya ce Mai Murmushi ya shimfiɗa titin da yake bi kullum, santsi kamar faranti.

"Wa ya faɗa?"

"Ni na faɗa. Ni nake bin titin."

"To gobe zan bi ka in gani."

Ya zaci wasa take yi, sai da ya gan ta da safe a tasha ta sha kwalliya, ta kame a kujerar gaba. Rabon da ta zauna a gefensa cikin bas tun suna zance. Direbobi suka yi ta leƙowa suna gaishe da amarya, shi kuwa ya goge sitiyari har sau biyu, ya gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Titin kuwa da gaske ne. Kwalta baƙa wuluk, fararen layuka, mota na tafiya kamar a kan ruwa. Direba ya riƙa satar kallonta yana ɗaga gira. Ta ce ta gani, ta yaba, Allah ya saka wa Mai Murmushi. Ta saki gilashi iska na kaɗa mayafinta, har ta fara rera waƙa ƙasa-ƙasa.

Bayan wata gada sai kwaltar ta ƙare kamar an yanke da almakashi. Motar ta faɗa rami ta fito, ta faɗa wani. Kan Mai Kitso ya gaisa da rufi, kajin wata mata a baya suka ɓarke da kuka, wani dattijo ya kama salati.

"Baban yara, farantin ne ya fashe?"

"Nan ba a ƙaraso ba tukuna."

"Tun yaushe?"

Ya yi kamar giya yake canzawa bai ji ba. Fasinjoji suka amsa masa. Wani ya ce kuɗi ne suka ƙare, wani ya ce majalisa ce ta karkatar da su wani aikin, dattijon ya ce shi dai rabin titin ma ya gode, don da can duka haka yake. Motar ta kaure da musu, kowa na magana yana tsalle a kujera, kalmomi na fita guntu-guntu. Mai Kitso ta juya ta durƙusa a kan kujerarta tana ba da izinin magana da mashaci.

Suka kama hanyar dawowa. Tana tunanin takardun da aka karanta mata. Kowannensu ya yi alkawarin titi da asibiti da makaranta da wuta da aikin yi, ba wanda ya bar ko ɗaya. Ita kuwa ta san ko a gidanta, in wata ya yi nisa, ba a yin komai da komai, dole wani abu ya jira. Wannan ministan da abin ya gaza, rabin titin nan ya bari. To sauran fa, me za su bari?

Ta dafa hannun Direba. "Na samu."

"Me kika samu?"

"Kai dai kalli hanya."

Bayan la'asar aka yi muhawarar. Mai Kitso ta canza kaya sau uku, Malama ta raka ta har ƙofar gidan talabijin tana maimaita mata cewa ta numfasa kafin ta yi magana. Cikin zauren sanyi kamar firji, fitilu kuwa kamar rana ta sauko. Aka shafa mata hoda, aka zaunar da ita a layin gaba tsakanin wani manomi da wata mai sayar da magani. Ga 'yan takara nan uku a tsaye, kusa har tana iya ganin zufa a goshin Tabarau. Abin da ya fara zuwa ranta shi ne, duk wadda ta yi wa Likita kitson nan ta ja mata gaban goshi da yawa.

Manomi ya yi tasa, mai magani ta yi tata. Aka miƙo mata makirufo. Ta miƙe, ta buɗe baki, sai shaƙuwar nan ta zo. Ta danne, ta sake zuwa. Mai gabatarwa, wadda ita ce ta rediyon nan, ta gane abin da ke tafe, ta rufe baki da takarda. Dariyar ta fashe cikin lasifika, zaure ya ɗauka gaba ɗaya, Mai Murmushi ya riƙe ciki, Likita ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa, har Tabarau sai da haƙoransa suka bayyana, ashe ma yana da wushirya.

Da ta samu kanta ta goge ido da gefen mayafi. "Ku gafarce ni. Ni mai kitso ce. An karanta mini takardunku duka, kowa ya yi alkawari mai daɗi, har na rasa wanda zan bi. Tambayata ita ce, in kun hau kuka tarar abin da ke asusu bai isa duka ba, wane alkawari za ku fara ajiyewa, wanne ne kuma ba za ku taɓa ba ko ana ha maza ha mata?"

Mai Murmushi ya fara. Ya yaba mata, ya yaba wa mata masu sana'a, ya ba da labarin mahaifiyarsa har zaure ya yi tsit, ya ce shi ba ya ajiye alkawari. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai, sai da ta zauna ta lura bai ambaci ko ɗaya ba. Tabarau ya ce shi zai jinkirta rage kuɗin wutar lantarki, amma ba zai taɓa albashin malamai ba. Wannan ya sosa mata rai, don wuta ce ke cinye mata riba, sai dai ya faɗa ƙiri-ƙiri bai ɓoye ba. Likita ta ce asibitoci ba za su jira ba, sababbin tituna za su iya jira, amma da aka tambaye ta ina za ta samo kuɗin magunguna kyauta sai amsar ta yi ta zagaye.

A waje Direba na jiranta da bas ɗin, ya ajiye aikin yamma, ya ɗebo matan shago da ƙanenta da mai askin kusurwa. Suka tarbe ta da tafi. Ya buɗe mata ƙofa da kansa.

"Kin ga yadda namu ya yi magana?" in ji shi.

"Na ga yadda ya yi magana. Me ya ce zai ajiye?"

Ya tada mota. Sun yi nisa kafin ya ce, "Amma labarin mahaifiyar tasa ya yi daɗi."

"Ya yi daɗi sosai."

"Waccan kuma ta ce titi ya jira. Titi fa, Maman yara."

"Ni kuma wancan ya ce wuta ta jira. Kowa an taɓa masa nasa."

Kwanakin da suka rage ba ta huta ba. Shagon ya koma kamar majalisa, har waɗanda kansu bai tsufa ba suna zuwa tsifa don a yi da su. Ta sa aka nemo mata yadda asibitin Likita ya kasance a hannunta, da abin da Tabarau ya yi lokacin da ya ba gwamnati shawara, da dalilin tsayawar titin Mai Murmushi, aka samu na yabo da na suka a wajen kowa. Ta ciro katin zaɓenta daga ƙasan akwati, ta je ta duba sunanta a rumfarsu, ta tarar yana nan, ta duba na Direba ma. Wata safiya tana cikin tsaga, ba wanda ke karatu, ba wanda ke musu, ta ji zuciyarta ta tsaya a kan mutum ɗaya, ta kuma san dalili. Ba ta gaya wa kowa ba. Malama ta yi juyin duniya, Mai Kitso ta ce mata ai ke kika koya mini ƙuri'a sirri ce.

Ranar zaɓe suka fita tare da sassafe. A layi mutane suka yi ta nuna ta, wata tsohuwa ta ce ta yi mata dariyar nan ta ji da kunnenta. Da ta shiga bayan labule ta buɗe takardar, ta bi alamomin da yatsa a hankali har ta iso inda take nema. Ta dangwala, ta hura tawadar ta bushe don kada ta ɓata wani gurbin, ta ninke, ta jefa a akwati.

Direba ya daɗe a nasa labulen fiye da yadda ya saba. Da ya fito bai tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaye shi ba.

An hana zirga-zirgar motoci ranar, babban titin unguwarsu fayau, ba ko keke. Direba ya tsaya a bakin kwalta ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya taka ya tsaya a kan farin layin tsakiya, hannu a ƙugu.

"Shekara da shekaru ina bin titin nan," in ji shi, "ban taɓa sanin faɗinsa ya kai haka ba."

Ta sauko ta same shi. Ta dubi gaba, ta dubi baya, ba kowa sai wata akuya kwance a inuwar allon talla. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare zani.

"Wanda ya riga kaiwa sandar fitilar can, ɗayan ne zai yi wanke-wanke."

"Maman yara, da girmanmu?"

Kafin ya rufe baki ta yi gaba. Ya dafe hula ya bi ta, yana kiran a dawo a sake, ai bai shirya ba.